Farar Shadda a Garken Tsaskiya

Ranar da Nusaiba ta fara ɗora ido a kan Abdulgaffar, warin shanu yake yi.

Ita ke kiran sunaye a ƙofar ɗakin ganawar ƙarin girma, a ofishin Albarkar Garke da ke Batsari, kamfanin da ke sayen madara yana kuma yi wa shanun makiyaya allura. Ya iso a makare daga Tsaskiya, wandonsa duk taɓo, hannun rigarsa da jini, don ya tsaya taimakon wata saniya mai naƙuda. Ya gaishe ta a kunyace. Da ya ɗago suka haɗa ido, sai sunan da za ta kira ya ɓace mata.

Manaja Mannir bai bari ya gyara zama ba. Tun zuwansa ya kafa doka cewa mai son ƙarin girma sai ya riƙa zuwa aiki da shadda mai sitati da takalmi mai sheƙi, a shekarar da tsadar mai ta sa magidanta ke fargabar tuwon dare. Ya dubi Abdulgaffar sama da ƙasa, ya nuna masa ƙofa. Sannan ya ɗauko kwalbar turare ya feshe kujerar, kowa na kallo. Matsayin kuwa ya ba ɗan 'yar uwarsa Najib, wanda bai taɓa riƙe ƙahon saniya ba.

Abdulgaffar ya fita yana murmushin yaƙe. Nusaiba ta ji kamar ita aka fesa wa turaren a ido. Ita ce sakatariyar ƙungiyar ma'aikatan kamfanin, lambar kowa na wayarta. Da la'asar ta rubuta masa:

"Malam Abdulgaffar, Nusaiba ce. Abin da aka yi maka yau, ko ka yafe ni ban yafe ba."

"Na gode. Saniyar dai ta haihu lafiya. Ki bar shi da Allah."

"Zan bar shi da Allah, amma sai na gama da shi."

Daga nan saƙo ya yi ta bin saƙo. Duk ranar kasuwar Batsari yakan kawo mata ƙwaryar kindirmo ɗaure a bayan babur. Shi yana kiranta Barkonona, ita tana ce masa Ruwan Sanyina, don ko sau ɗaya bai taɓa tayar mata da murya ba.

Mahaifinta, Malam Abdulhakim, bai so zancen ba. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga yaron da aka kora daga ganawa ba, wanda kullum yana dajin da ba kowa ke dawowa daga cikinsa ba. Ga Najib ya fara zuwa zance da mota, shi ya kamata ta saurara.

Ta kuwa saurari Najib, amma da tata manufa. Ƙungiya ta sha kai ƙorafi cewa tufafi ba su ne aiki ba, Mannir ya yi musu dariya. Nusaiba tana neman ranar da za ta rama a gaban waɗanda yake tsoro. Najib mai yawan baki ne, da ta zuga shi kaɗan sai ya faɗa mata ranar da masu kamfanin za su zo daga Katsina kallon allurar shanu a Tsaskiya.

A wannan yammacin ne Abdulgaffar ya zo ya tarar da motar a ƙofar gida, ya jiyo dariyarta daga zaure. Ya juya da kindirmonsa.

"Allah ya sanya alheri. Shi dai ba ya wari," ya rubuta.

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta kira bai ɗauka ba. Ta rubuta: "Ruwan Sanyina, ka zo Tsaskiya ranar Laraba da kayanka na Sallah. In ka gani da idonka ka ce na ci amanarka, na yarda."

Ranar Laraba motocin manya suka iso garke, makiyaya sun tara shanu tun safe. Ma'aikatan allura duk sun hallara har da Abdulgaffar, kowa cikin farar shadda kamar yadda Nusaiba ta tsara da ƙungiya, wasu ta aro, wasu ta ranar aurensu. Suka jeru a inuwa, hannu a baya, ba wanda ya taɓa igiya.

Shugaban kamfanin, wani dattijo mai furfura, ya tambayi dalili. Nusaiba ta matso ta gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, doka muke bi. Manaja ya ce wanda kayansa suka ɓaci ba shi da ƙarin girma, mu kuwa muna so. Ga wanda aka ƙara wa nan, shi ya fi mu iyawa."

Dattijon ya ji labarin kujera daga bakin mutum uku. Bai yi faɗa ba. Ya ce Mannir da Najib su shiga su fara. Najib ya ga bijimi ya kaɗa kai, sai ya koma mota ya kulle. Mannir ya daure ya kama igiya, bijimin ya fizge shi ya shimfiɗa shi cikin ɗanyen kashin shanu, babbar riga da hula da komai. Da ya miƙe, Nusaiba ta ciro turare daga jakarta ta miƙa masa.

"Yallaɓai, kafin ka zauna a motar mutane."

Abdulgaffar ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, ya shiga garke, sauran suka bi shi. Da ya zo wucewa ta gabanta ya yi ƙasa da murya ya ce, "Barkonona, ki yafe mini. Amma kin cika yaji."

An soke dokar, aka sake ganawa Abdulgaffar ya samu matsayin, aka ɗauke Mannir daga Batsari. Ita ma ba ta tsira ba, an mayar da ita ƙaramin ofishin Safana saboda tsaurin ido. Ta ce ai an kusanta ta da Tsaskiya.

Malam Abdulhakim ya yi fushi, ya ce ta kunyata babba a bainar jama'a. Inna, mahaifiyar Nusaiba, ita ce ta tuna masa shekarun da ya yi yana koyarwa ana tsallake shi, ba wanda ya tsaya masa. Bayan sati dattawan rugage suka cika masa zaure, sun zo nema wa Abdulgaffar aure, kowa na cewa ɗansa ne. Malam ya dube su, ya ce ya ba shi.

Aka ɗaura aure bayan girbin wake. Ana shirin kai amarya sai ga saƙo daga Mannir yana neman gafara. Ango ya ce shi ya yafe tuni, ya roƙe ta ita ma ta yafe albarkacin ranar.

Daga cikin lulluɓi Nusaiba ta ce, "Na yafe rabi. Sauran sai ranar suna."

Inna ta yi dariya har da hawaye, ta dafa kansu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma sa 'ya'yan su ɗauko haƙurin ubansu. Duk ɗakin aka amsa da amin, ta angon ta fi ta kowa ƙarfi.