Kwanon Tuwo a Ƙofar Gidan Siminti

"Malam, ka tambaye shi ko ya gane ni," in ji Shatu. "Kada ya zo biko ya tafi da matar wani."

Lurwanu, mijinta, ya sunkuyar da kai. Liman Tanimun ya gyara zama a zaurensa na Dogarawa, ya ce ta faɗi komai, ba wanda zai katse ta.

Ta faɗa, ko kallon mijin ba ta yi ba. Shekara shida tana kai masa tuwo ƙofar gidan siminti na Malbaza, tun yana lebura, ƙura har cikin gira. Da aka mai da shi buro, wato aikin ofis, ya sayi ɗan babur mobilet da takalmi sau-ciki. Ran nan ta zo da kwano a ka, sababbin abokan aikinsa na buro suka tambayi ko wace ce, ya ce wata ƴar ƙauyensu ce mai sayar da abinci.

"Har da ce mini mersi, godiyar Faransanci, Malam... Mutumin da nake cire wa siminti a kunne da tsinke."

"Shatuna, sharrin Shaiɗan ne..."

"Ko Shaiɗan ya san matarsa."

Lurwanu ya ce ya yi istigfari, har azumi uku ya yi. Liman ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne, amma haƙƙin Shatu yana hannun Shatu. Ita kuma ya gaya mata yafiya ba dole ba ce, sai dai riƙon yana cinta, kowa ya ga ta rame.

"Ɗiyata, mi zai sanyaya miki rai?"

"Inda ya zubar da ni, can zai ɗauke ni."

Ran Litinin da azahar ta tsaya a ƙofar gidan simintin da tsohon zanenta, kwano a ka. Ma'aikata suka fito. Lurwanu ya tako cikin takalman nan, gumi na zuba, ya sa hannu biyu ya sauke mata kwanon.

"Jama'a, wannan matata ce, uwar ɗana Illa."

Ta dube shi daga takalmi har hula.

"Su ai sun sani. Kai kaɗai ka manta."

Aka kwashe da dariya. Ya tsaya cikinta, bai motsa ba. Shatu ta bari aka gama tsaf, sannan ta buɗe kwanon, ta tura masa gefen da ta fi zuba man shanu.

"Na yafe. Ci, kafin ya huce."