Tarwaɗa Uku a Rijiyar Baba

"Ka raba kanka da rijiyag ga, ko ka manta da ɗiyata!"

Guga ya kusa suɓuce mini. Baba ne yake faɗa a gaban jama'a, kuma da Amiru yake, mutumin da saura mako biyu manyansa su zo neman aurena.

Amiru ya durƙusa, kwalbar gwaji a hannunsa.

"Baba, ka gahurce ni... ruwan ga akwai guba cikinai."

Shekara uku ke nan damina tana yi mana rowa a Burkusuma. Da rijiyoyi suka ƙafe, Baba ya haƙa wannan a bayan tsohon siton maganin fara, ya ce sadaka ce ga Innata, Allah ya jiƙanta. Ruwa ya fito garai-garai, ko tsutsa babu. In aka wanke kan yara da shi ƙwarƙwata ta mutu, in aka watsa wa shanu kaska ta zube. Kan ka ce kwabo gari ya ɗauka: rijiyar Malam Halliru mai albarka ce.

Amiru kuwa ma'aikacin muhalli ne, daga garin Isa aka turo su duba irin waɗannan tsofaffin sito. Na so shi tun ranar da na ga yadda yake gaida tsofaffi, da yadda yake rubutu a jikin kwalba, a natse. Amma duk ruwan da na kai masa, sai ya yi godiya ya ajiye. Ni sakara har fushi nake yi!

Labbo ɗan baffana, wanda na ƙi tun bara, ya samu abin da yake nema.

"Baffa, hilin shika so! Ina anka taɓa ganin guba mai magani?"

"Abin da ka kashe kaska," in ji Amiru a hankali, "bai san bambancinta da jinjiri ba."

Aka yi masa ca. Bai ɗaga murya ba, bai kuma janye maganarsa ba. Ya san zai rasa ni, amma ya tsaya. Wallahi a lokacin na ƙara sonsa.

Akwai abin da ni da Baba kaɗai muka sani. Al'adarmu ce a jefa tarwaɗa a sabuwar rijiya ta riƙa cinye ƙwari.

"Baba," na ce. "Tarwaɗa ukku munka sa. Ba wadda tak kwana biyu. Ni kac ce in binne su, in yi shiru."



Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya cire igiyar gugan da hannunsa, ya naɗe, ya wuce gida.

Wata biyu gaisuwa kawai take haɗa ni da Baba.

Su Amiru suka kewaye wurin da waya. Cikin wannan zafin suka sa fararen kaya har fuska, suka tono gangunan maganin fara goma sha bakwai, duk tsatsa ta huda su. Aka kwashe ƙasar a buhuna masu kauri, aka cike rijiyar, aka kai yara da masu ciki asibiti gwaji. Kafin a gama, tankar ruwa ce take zuwa mana. Amiru ya rame, ya yi baƙi, ni kuwa ban taɓa ganin kyansa kamar lokacin ba.

"Maijiddata, kin yi da-na-sani?" ya tambaye ni ta bayan shingen wayar.

"Za ni yi, in ka ci gaba da ƙin cin abinci!"

A gabas da gari Amiru ya gwada ƙasa har sau huɗu, sannan aka haƙa sabuwar rijiya. Baba bai yarda da takardar gwaji ba. Da kansa ya hau babur zuwa Isa, ya dawo da tarwaɗa mai rai a bokiti.

Rana ta bakwai ya karɓi madubina, ya haska rana cikin rijiyar. Muka leƙa.

Ga ta can tana kaɗa jela!

Baba ya share ido da bakin rawani.

"Sadakar uwarki ta koma nan," ya ce. "Ki ce ma mutumin naki shi kawo manyanai. Amma hwa shi sha ruwa tukuna. Tun da yaz zo garin ga bai taɓa shan ruwan gidana ba."

Na zura guga, na cika ƙwarya, na miƙa masa da hannu biyu.

Amiru ya yi bismilla, ya shanye tas, ya miƙo mini a ƙara.