Kibiyar Kitson Iya

"Sarƙa, Nazeer? A wane shafin littafina ka ga sarƙa?"

Zuhra ta rufe kwamfutar da ƙarfi. Shekara uku ta kwashe tana rubuta labarin jinyar mahaifiyarta, Iya, a asibitin masu taɓin hankali. Ta damƙa wa saurayinta ya mayar da shi fim, ga abin da ya yi mata!

"Haba abar ƙaunata, 'yan kallo abin tsoro suke so..."

"To ina kibiyar?"

Ya sosa ƙeya. A littafin, an hana majinyata taɓa duk wani abu mai tsini. Ranar da ma'aikaciyar jinya Sista Clara ta yarda da Iya, ta miƙa mata kibiyar kitso ta ce ta yi wa matan ɗakin, ranar Iya ta fara dawowa hayyacinta. Shi kuwa gogan naka ya yanke wurin, wai ba armashi.

"Ranar haska fim ɗin, Iya a layin gaba za ta zauna. Wallahi in ta ga kanta a ɗaure tana yage zani, babu ni babu kai!"

Sati uku ta ƙi ɗaga wayarsa. Kuka kam ta sha shi a gidansu na Kurudu, don tana son sa kamar ranta. Iya ko a jikinta, kullum sai ta yafa mayafi ta ce za ta unguwa.

Ranar haska fim ɗin a Maitama, Iya ce ta ja ta dole. Zuhra ta zauna tana jiran sarƙa.

Babu sarƙa. Sai ga hannu ya cika allon, yana tsaga gashi da kibiya a hankali. A babban yatsan akwai tabon ƙuna... tabon da ta sani tun tana goye.

"Iya! Hannunki ne!"

"To da na wa? Yarinyar da suka ɗauko ta fito a matsayina ko kalaba ba ta iya ba. Har gida yaron nan ya zo, ya durƙusa ya ce in gaya masa yadda aka yi. Unguwar da nake zuwa kullum, ai wurin ɗaukar fim ɗin ne."

Da aka kunna fitilu, zauren ya kaure da tafi. Nazeer ya sanar da sunan mai labarin, Iya ta miƙe tsaye, kanta a sama, ba ta ɓuya ba.

Ya matso a tsorace. "Zuhra... wanne ya fi, littafin ko fim ɗin?"

"Littafin mana," ta ce tana dariya, hawaye na zuba. "Amma ka turo magabatanka."

Iya ta dafa kanta. "Kitson amarya kuma ni zan yi."