Garafik a Bayan Afishi

A motar haya suka fara haɗuwa, wadda ta taso daga Cadawa za ta Gazawa, an cusa mutane da buhunan wake har ba wurin miƙe ƙafa. Saliha na tsakiya da takarda a kan gwiwa, tana rubutu duk da tsallen da motar ke yi.

Saurayin da ke gefenta ya jima yana satar kallon takardar. Can dai ya kasa haƙuri.

"Ki gafarce ni, malama. Wannan rubutun zai kayar da ke."

Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Amma zanen nan ya nuna masu shiga jirgin ƙasa sun ragu, ke kuma kin rubuta wai talauci ne ya sa. Ina talaucin yake a cikin zanen?"

"Kowa ya san haka ne."

"Mai gyaran jarrabawa bai tambaye ki abin da kowa ya sani ba. Layi ya hau, ki ce ya hau. Ya faɗi, ki ce ya faɗi, ki faɗi yaushe, da sauri ko a hankali. Dalili kuwa ki bar shi a gida."

Saliha ta ninke takardarta ta juya masa ƙeya. Amma maganar ta soke ta, domin wurin ciwon ya taɓa. Ita ce ta zo ta ɗaya a ajinsu na ilimin noma a jami'ar Yamai, aka ba ta burs, wato kuɗin tallafi, ta ƙaro karatu a ƙasar waje, da sharaɗin ta kawo shaidar cin jarrabawar Ingilishi. Ta je Kano ta zauna sau ɗaya. Ta ci karatu, ta ci sauraro, ta ci magana, sai sashen rubutu ya kayar da ita, wurin da ake ba mutum garafik, wato zane mai layi da ke hawa da sauka, a ce ya bayyana shi. Tun daga lokacin matan unguwa ke tambayarta, da murmushi a bakinsu, yaushe ne jirgin zai tashi.

Da suka sauka a tasha ta yi gaba, ta tsaya, ta dawo.

"Kai wane ne da ka san wannan?"

"Mas'ud. Ni ke koyar da Ingilishi a lise, makarantar sakandare. A Zariya na yi karatu."

"To Mushe Mas'ud, malamin makaranta, in ka iya ɗin, ka zo ka gaya wa mahaifina."

Mahaifin nata Alhaji Sanda ne, mai sayen wake da gero, mutum mai son a ce ɗiyarsa ta fi ƴaƴan kowa. Ya yarda a yi darasi a zaurensa bayan la'asar, ƙofa a buɗe.

Takarda babba ita ce matsala, don garafik na son fili. Sai Mas'ud ya zo da naɗin tsofaffin afishi, takardun tallan ɗan takara na zaɓen da ya wuce, waɗanda suka rage a shagon baffansa Ɗanbaba. Gabansu hoton Ɗanbaba ne da babbar riga, bayansu kuwa fari fes. A nan yake zana mata layuka da jan biro: ruwan sama a ƙasashen da ba ta taɓa ji ba, masu shan shayi da masu shan kofi, yara masu zuwa lakol, wato makarantar boko.

"Fara da abin da ido ya fara gani," in ji shi. "Kada ki bi lambobi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Ina ya fi tsawo? Ina ya fi ƙasa? Ina ya tsaya cik?"

"Nan ya faɗi warwas. Fari aka yi, na rantse."

"Ƴar Gardama, an sake!"

"To ai gaskiya ce!"

"Gaskiyarki ce, ba ta zanen ba."

Takan jefar da biro ta ce ta fasa, ta tashi ta shiga gida, ta sha ruwa, ta dawo ta ɗauka. Shi kuwa yana zaune yana jiranta. Ba ta san ranar da ta fara jin ƙarar motonsa, babur ɗin da yake hawa, tun daga kwanar masallaci ba, ba ta kuma san ranar da ta fara sauya gyale kafin la'asar ba. Wata rana ta rubuta sakin layi guda ba kuskure ko ɗaya. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce a hankali, "Saliha, in kika tafi, wa zan riƙa yi wa gardama?"

"Wa ya ce sai na tafi ba aure?" Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta rufe fuska da gyale, shi kuma biro ya suɓuce masa.

A shekarar ne sojoji suka sa ranar mayar da mulki ga farar hula, garin ya ɗauki zafi. Alhaji Sanda ya tsaya takarar konseye, wato kansila. Abokin karawarsa kuwa ba wani ba ne, Ɗanbaba ne. Saliha ta san haka, amma a wurinta afishin nan takardun darasi ne, ta naɗe su ta tura ƙarƙashin bencin zaure kamar kullum.

Shugaban samarin partin Alhaji shi ne Zaharaddini, wanda ya daɗe yana aiko wa Saliha turare tana mayar masa. Ran nan dattawan parti suka taru a zauren da hantsi. Zaharaddini ya sunkuya ya jawo naɗin, ya ce bari a raba wa yara su liƙa a kasuwa. Ya warware a gaban kowa. Sai ga Ɗanbaba yana murmushi.

Wani tsoho ya ce, "Alhaji, ashe da baƙo a gidan?"

Kafin azahar labari ya kai kasuwa. Wasu suka ce Alhaji ya sayar da takararsa, wasu suka ce ɗiyarsa ke yi wa abokan gaba aiki.

Saliha ta durƙusa gaban mahaifinta da afishi ɗaya a hannu. "Baba, ka juya ka gani. Darasina ne."

"Na san abin da ke baya, ɗiyata. Mutane gaba suke gani." "Kano ki tafi ki sake jarrabawarki, karatu ban hana ki ba. Amma yaron nan kada ya sake taka ƙofata. Maganar aure da na ji ana raɗe-raɗi kuwa, ba da jinin Ɗanbaba ba. Ga Zaharaddini nan."

"Zan bi umarninka, ba zan gan shi ba. Amma Zaharaddini, Baba, ko shi kaɗai ya rage a Gazawa, na zauna haka."

"Lakol ce ta koya miki wannan bakin?"

"A gidanka na koya. Kai ma ba ka taɓa cewa to ga abin da zuciyarka ta ƙi ba."

Ya tashi ya fita.

Masu cewa ƴar lakol ba ta iya haƙuri ba su ga Saliha a kwanakin nan ba. Ba ta yi yaji ba, ba ta ƙi abinci ba. Tana tuƙa tuwon ƴan kamfe, tana jin habaici a bakin famfo, ta ɗaga kai ta wuce. Da yamma sai saƙon Mas'ud ya shigo wayar salularta.

"Ƴar Gardama, ba a hana ni rubutu ba ko? Ga lambobi, ki zana da kanki. Masu aiki a gona da masu aikin alƙalami a buro, shekara ashirin. Ki fara da abin da ya fi fitowa fili."

Sai ta zana da gawayi a simintin ɗakinta, ta rubuta bayanin a takarda, ta danna shi harafi-harafi har babban yatsanta ya yi kanta. Amsa takan dawo: "Kyau. Amma kin ce ya hau har sau huɗu. Nemi wata kalma. Kin ci abinci?"

Ana haka sai Zaharaddini ya tare ta a hanyar famfo.

"Har yanzu kina jiran Mushe? Da gangan ya kawo afishin nan. Baffansa ya aiko shi. Ki fito bakin hanya gobe ki gani."

Ta ce masa ya ba ta hanya. Amma washegari ta fita. Jerin gwanon partin Ɗanbaba ya zo wucewa za su Agye, da kiɗa da ihu. A gaba ga Mas'ud a kan motonsa, Ɗanbaba a bayansa yana ɗaga hannu.

Ta koma gida, ta goge zanen gawayin da ƙafa. Saƙonni suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ba. Ta kasa zama, ta kasa karatu, ta share tsakar gida da aka riga aka share. Ranar tafiya Kano na matsowa, ta ɗauki biro ta ga ko jimla ɗaya ba ta fita. Daga ƙarshe ta rubuta masa: "Na gan ka. Ashe aiki aka ba ka a gidanmu."

Amsar ta zo nan take.

"Abin da kika gani gaskiya ne: ni, da moto, da Baffa. Sauran ke kika ƙara, kuma kin san abin da ake yi wa mai ƙara dalili. Tun ina ɗan yaye mahaifina ya rasu, Baffa ya rene ni. Motarsa ta lalace ya ce in kai shi, in ce a'a? Ke ba tuwon partin Baba kike tuƙawa ba? Afishin nan wautata ce, ban yi tunani ba, kuma na faɗa wa Baffa haka. Amma ban taɓa shiga zaurenku don kowa ba sai don ke."

Ta karanta ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta dubi hannunta da ke warin hayaƙin tuwon kamfe. Sannan ta danna: "Ba a yi mini darasi a cikin faɗa, Mushe. Turo lambobin jiya."

"To, ranki ya daɗe."

Aka yi zaɓe, Ɗanbaba ya ci. Zauren Alhaji Sanda da ke cika tun safe ya koma ba kowa sai kaji. Ba a jima ba aka ga Zaharaddini a ƙofar Ɗanbaba yana gyara wa baƙi tabarma. Alhaji ya daina zuwa kasuwa, yana zaune da carbi, ba ya son a gaishe shi. Saliha ce ke kai masa fura, ta zauna kusa da shi. A haka ta tafi Kano da gwaggonta, ta zauna jarrabawar, ta dawo ta iske shi inda ta bar shi.

Sakamako ya fito, ta ci. Ta kai masa takardar. Ya shafa ta, ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "Yaron ya iya aikinsa." Bai ƙara ba, ita ma ba ta roƙa ba.

Mas'ud kuwa ya je ya zauna gaban baffansa. Ya ce ba ya son a aika wakili, ba ya son a aika liman. Ɗanbaba ya ce, "Kai yaro, ni da na ci zaɓe zan je in durƙusa wa wanda na kayar?" Mas'ud ya ce, "Baffa, ai ba konseye zai je ba. Uban mai neman aure zai je."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutanen unguwa suka ga abin da ba su zata ba. Ɗanbaba ya taho a ƙasa, ba mota, ba maroƙa, da ƙwaryar goro a hannun ƙanensa. Ya tuɓe takalmi a ƙofar zauren Alhaji Sanda ya yi sallama. Alhaji ya bar shi tsaye har sai da maƙwabta suka gama leƙowa, sannan ya ce ya shigo. Ɗanbaba ya ƙi hawa benci, ya zauna a tabarma.

"Alhaji, roƙo na zo yi. Abin da ke gidanka ya fi abin da na samu."

"Yau kuma ni ake roƙo? Ina ƴan kiɗan naka?"

"Na bar su da Zaharaddini, shi ya iya da su."

Dariya ta ƙwace wa Alhaji, irin wadda gidan bai ji ba tun kafin zaɓe. Ya gyara zama ya ce, "Ɗiyata za ta tafi karatu. Ba wanda zai ce ta fasa."

"Wanda ya sha wahalar koya mata ne zai hana ta?"

Alhaji ya ɗaga murya ya kira Saliha. Ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Ke, har yanzu kina kan bakanki?"

"Ina kai, Baba."

"Na sani. Tambaya dai na yi don Ɗanbaba ya san irin wadda zai kai gidansa." Ya juya ga baƙon. "Na ba ɗanka. In ta yi masa gardama kada ya kawo mini ƙara."

An ɗaura aure kafin damina, ƴan parti biyu a tabarma ɗaya, har daga Gidan Rumji dangi suka zo. Da za a kai amarya, Alhaji Sanda ya sa aka kira ango, ya kama hannunsa ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

"Na kore ka daga ƙofar nan, ka tafi ba ka ɗaga mini murya ba. Yau na buɗe maka ita. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kai ta inda za ta, ya dawo maka da ita lafiya. Allah ya yi muku albarka."

Zauren ya amsa da amin. Daga cikin lulluɓi Saliha ta amsa tata, a fili, ba ta bari gwaggo ta amsa mata ba.