Murfin Tankin Motar Alƙali

Hantsi bai gama ɗagawa ba Lauya ya faɗo caji ofis yana huci, maɓallin rigarsa a karkace.

"Ina Sufeto? An sace motar babana!"

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa. Ya san motar, farin sani ma kuwa. Baƙa ce mai dogon hanci, ƙarfe tun daga goshi har wutsiya, ba irin gwangwanayen yanzu da in akuya ta jingina da su sai sun lotsa ba. Mu da muka ga zamanin waɗannan motoci, muka binne zamanin muna nan daram, mu muka san abin da ake kira mota. Ta marigayi Alƙali ce, mahaifin Lauya. Mahaifin Sufeto kuwa, wanda kowa ke kira Baba Sitiyari, shi ya tuƙa ta tun tana sabuwa fil har ranar da aka kai Alƙali makwancinsa. A gindin tayarta Sufeto ya yi rarrafe.

"Daga ina aka ɗauke ta?"

"Garejin Tartsatsi mai walda. Na kai ya canza mata murfin tanki. Wancan na murɗawa ya tsufa, kamar murfin tulu. Na sayo na zamani mai ƙyalli, wanda in ka danna sai ya ɗage da kansa."

"Makulli fa?"

"Ɗaya ne tal, kuma yana hannun mai walda. Shi ne ɓarawon, ka je ka kamo shi kawai."

Bai rufe baki ba Saje ya shigo ya ƙame.

"Yallaɓai, an ga motar a shataletale. Ta hau gefen titi da sassafe, ta buge wata mai shara. An kai ta asibiti. Direban ya tsere."

Suka tarar da motar jama'a sun yi mata zobe. Fitila ɗaya ta fashe, tsintsiya na maƙale a ƙarƙashin taya. Saje ya leƙa ciki, ya fito yana girgiza kai.

"Yallaɓai, wannan ɓarawo ɗan gidan mutunci ne. Bai tsinka waya ba, bai taɓa rediyo ba, har gilashi ya ɗaga mata kafin ya gudu, kada ƙura ta shiga."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya zagaya baya. Babu murfi a bakin tanki, ba sabo ba tsoho. Farin tsumma aka naɗe, ninki kan ninki, aka toshe bakin tsaf yadda ko ɗigon mai ba zai fita ba. Ya daɗe yana kallon naɗin nan.

"Mu je garejin," ya ce.

Tartsatsi ɗan siriri ne, tartsatsin wuta ya huda masa riga ko'ina. Yana ganin motar 'yan sanda ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

"Ga shi, ranka ya daɗe. Da shi na kwana."

"Wane aiki ka yi wa motar?"

"Na yanke tsohon wuyan tankin, na haɗa wani da zai ɗauki sabon murfi. Sabon a kan ƙusa yake lilo, ba murɗa shi ake yi ba."

"To in mutum ya so mayar da tsohon murfin fa?"

"Ba zai hau ba. Ko kwana zai yi yana murɗawa, ba abin da zai kama."

"Ina tsohon yake?"

Tartsatsi ya dubi ƙasa. "Na jefa a tarin ƙarafa."

Saje ya tone tarin kaf. Babu tsohon murfi, babu guntun wuyan da aka yanke. Amma cikin kwandon shara, ƙarƙashin takardun gugar ƙarfe, sai ga sabon murfin yana ƙyalli, an buge ƙusar da yake lilo a kai an cire shi.

"Ikon Allah," in ji Saje. "Ɓarawo ya yar da mai tsada, ya tafi da mai tsatsa."

"Wa ya zo nan jiya?" Sufeto ya tambaya.

"Ba kowa."

"Dube ni. Wa ya zo?"

Tartsatsi ya ɗago, suka haɗa ido. A idon nan ba tsoro Sufeto ya gani ba. Tausayi ya gani, kuma shi ake tausaya wa.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Lauya, da ya biyo su, ya daka tsawa. "Makulli a hannunsa, mota a garejinsa, me ake jira? Ko sai na kira na sama da ku?"

Saje ya sa wa Tartsatsi ankwa. Matarsa ta fito daga ɗakin bayan gareji da goyo, ta ɗora hannu a ka. Sufeto ya juya mata baya, ya shiga mota.

A asibiti an ɗaure wa mai shara ƙafa an rataye. Dattijuwa ce mai bakin magana, ciwo bai hana ta ba.

"Inna, kin ga fuskarsa?"

"Ina fa! Rana na bayana, ni ina duƙe. Odar mota dai na ji, sai na ji ni a ƙasa."

"Oda?"

"Gajeru biyu, sannan doguwa ɗaya, kamar mai sallama. Shi ya sa ma ban kauce ba, na ɗauka gaisuwa ce."

Sufeto ya san odar nan. Da wannan oda yake gane dawowar mahaifinsa tun yana yaro, ya ruga ya buɗe ƙofar gida.

"Ya fito daga motar?"

"Ya fito. Ya durƙusa yana cewa, 'Sannu 'yata, sannu 'yata.' Ni da furfurata! Sai lalube yake yi a ƙasa da hannu, ban sani ba ko ni yake nema ko tabaransa. Da ya ji mutane na tahowa sai ya koma ya rufe motar, ya bi lungu. Ɗana, wannan ba ɓarawo ba ne. Makaho aka ba mota."

A farfajiyar asibiti Saje ya dubi fuskar maigidansa. Shi ma ya sha jin odar nan a bakin Baba Sitiyari, don tsohon ba ya ba da labari sai ya kwaikwaye ta.

"Yallaɓai," ya ce can ƙasa-ƙasa, "mai walda dai ya ce bai ga kowa ba. Mai shara ba ta ga fuska ba."

Sufeto ya gane abin da ake miƙo masa. In ya yi shiru, magana ta mutu, Tartsatsi ya tafi gidan yari. Kunya ta rufe shi, ba don Saje ya faɗa ba, sai don shi ma tun a gareji zuciyarsa ke raya masa haka.

"Ja mota," ya ce. "Gidanmu."

Mahaifiyarsa ce ta tare shi a tsakar gida.

"Ka zo a daidai. Babanka tun da ya dawo daga yawon safe ya shige ɗaki, ko ruwa ya ƙi sha. Ya wanke hannu ya fi a ƙirga, sabuluna duk ya ƙare."

Ɗakin na warin fetur. Baba Sitiyari na zaune a bakin gado, ba tabarau, farar yana ta rufe masa rabin ido. Da ya ji takun ɗansa sai ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"A'a, manyan gari! Yau kuma ɗan sanda ne a gidan direba? Zauna in ba ka labarin ranar da gada ta karye da mu, motoci duk suka tafi, ni kaɗai na fito da Alƙali ko hularsa ba ta jiƙe ba. Ni da na ƙare aikina ban taɓa taka ko kaza..."



Sufeto ya cire hularsa, ya durƙusa kamar yadda yake gaishe shi kullum.

"Baba, ina tabaranka?"

Tsohon ya kau da kai.

"Baba, Tartsatsi na tsare a bayan kanta. Ya ce bai ga kowa ba."

"An rufe shi?" Muryar ta ƙanƙance. "Yaron nan ya ƙi faɗa?"

"Ya ƙi."

Tsohon ya sa hannu ƙarƙashin matashi, ya jawo ƙunshi, ya kwance. Tsohon murfi ne da 'yar sarƙarsa, da guntun wuyan tanki, da makulli wanda hannu ya cinye har ya yi santsi.

"Alƙali ne ya ba ni wannan makulli da hannunsa. Ko 'ya'yansa ba su san da shi ba." Ya shafa murfin. "Jiya na ji an ce an kai ta gareji, na je in gaishe ta. Na tarar an yanke mata wuya, an liƙa mata wani abu kamar murfin tukunyar 'yan gayu. Wannan kuwa yana ƙasa ana taka shi. Kullum safiya ni ke buɗe shi, in leƙa, in goge, in murɗa. Na roƙi Tartsatsi ya ba ni, ya ba ni."

"Sai ka koma da safe."

"Na koma kafin ya tashi. Na cire nasu na yar. Na ɗora nawa, na murɗa, na murɗa, ya ƙi kamawa, na toshe bakin da tsumma. Sai na ce bari in kai ta wajen wani tsohon abokina ya mayar mata da wuyanta, in dawo da ita kafin a farga. Na ce ai hanyar nan ko ido rufe zan bi ta." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ashe a rufen yake. Rana ta fito ta dake ni, komai ya zama fari. Na ga inuwa, na yi oda, ƙafata ta nemi birki ta makara."

"Me ya sa ka gudu, Baba?"

Tsohon ya rufe fuska da tafin hannu.

"Na ji mutane na tahowa. Na ce yanzu za a ce Sitiyari ne. Ba bugun ne ke cin raina ba, ɗana, wannan tsautsayi ne. Amma na bar baiwar Allah kwance a titi, na tsaya ɗaga wa mota gilashi."

Daga bakin ƙofa mahaifiyar Sufeto ta toshe baki da mayafi.

Baba Sitiyari ya miƙe, ya lalubo hularsa ta aiki da ke rataye tun rasuwar Alƙali, ya kafa. Ya ɗora ƙunshin a hannun ɗansa, sannan ya miƙa hannuwansa biyu.

"Sa mini. Yadda kuka sa wa mai walda."

Sufeto ya kasa. Saje ne ya matso, ya sa, yana kallon bango.

"A fara biyawa asibiti," in ji tsohon. "Sannan a saki yaron mutane."

Maƙwabta sun fito ƙofar gida sun yi cirko-cirko.  Baba Sitiyari ya nufi ƙofar direban motar 'yan sanda bisa sabo, ya kai hannu, ankwa ta yi ƙara. Ya tsaya.

Sufeto ya zagayo ya buɗe masa ƙofar baya, ya riƙe, kansa a sunkuye.

Tsohon ya daɗe yana duban kujerar.

"Duk rayuwata ni ke buɗe wa mutane wannan ƙofa," ya ce. "Ban taɓa zama a nan ba."

Ya tattara rigarsa ya shiga. Ɗansa ya rufe ƙofar a hankali, yadda shi ya koya masa, ba tare da ta yi ƙara ba.