Takalman Kikue a Bakin Kogo

Kyandir ɗin da ke ɗaure a kan sanda ya mutu tun sandar ba ta kai rabin matakala ba. Kikue ta janyo, ta sake kunnawa, ta sake zurawa, ya sake mutuwa. A ɗan hasken da ke shiga ta ƙofar kogon da suke ajiye gangunan giya ta hango ƙafafun mijinta Shozo can ƙasa, ɗaya da jan silifa, ɗaya babu.

Ba ta sauka ba. Duk wanda ya tashi a garin Katsunuma ya san cewa idan sabuwar giyar inabi tana tafasa a ganguna, tana fitar da wata iska mara wari da ke kwanciya a ƙasa kamar ruwa. In ta kashe kyandir, za ta kashe mutum. Kikue ta tsaya a bakin ƙofa tana kiran sunan Shozo har muryarta ta dishe, har 'yan kwana-kwana suka zo da abin numfashi suka fito da shi.

Lokacin tsinkar inabi ne. Tun safe tana can rumfar bakin titi tana miƙa wa baƙi 'yan yawon buɗe ido almakashi da kwando su tsinka da kansu, motocinsu na sauke wasu suna kwashe wasu zuwa wurin bauta na kan tudu ko wankan ruwan zafi. Mutane suka ce tsautsayi ne, tsufa ya sa Shozo mantuwa. Amma Sufeto Furuya, wanda shi ma ɗan manoman inabi ne, ya zagaya bayan tudun da kogon ke cikinsa ya duba kafar da iskar ke fita ta ƙasa. Ya tarar an cusa mata buhuna, an danne da dutse.

"Kikue-san, ya taɓa sauka ba kyandir?" ya tambaye ta, yana ƙara "san" ɗin girmamawa a sunanta.

"Ko ni na sauka babu, sai ya yi kwana da kwanaki ba ya yi mini magana."

"To wannan silifar fa?"

"Ta banɗaki ce."

A garin nan mutum ba ya fitowa ko falo da silifar banɗaki, balle tsakar gona, sai in an firgita shi. Wani ne ya kira Shozo, ya gaya masa abin da ya sa ya mance da kyandir, kuma wanda Shozo ya yarda da shi ne. Daga ranar Kikue ta fara kulle ƙofa da rana tsaka.

Furuya ya fara da Kanji, ƙanin mamacin, don kowa ya san sun daɗe suna faɗa a kan tsoffin kurangun inabin da Kanji ke so a sare. Kanji bai musa ba.

"Na kira shi jaki, ya kira ni kwaɗo, haka muke tun muna yara. Amma ranar ina can wurin bauta na kan tudu ina ɗaukar kwandunan hadaya, limamin wurin na kaina yana mita. Je ka tambaye shi."

Aka tambaya, haka ne. Sai maƙwabciyarsu Misao, wadda ta taɓa rantsuwa a gaban mutane sai ta ga bayan Shozo saboda ruwan ban gona. Furuya ya same ta tana jan ƙafa da sanda, ƙugunta da aka yi wa ɗori bai gama warkewa ba. Ta ce masa in har ita ta hau bayan tudun nan ta ɗaga dutse, to ya kama ta, amma ya fara kai ta wurin likita ta yi masa godiya.

Na uku, wanda aka gani kusa da gonar, shi ne Naito, mai masaukin baƙi na gangaren titi. Ya ce ya biyo ne da safe ya karɓi inabin baƙinsa, ya wuce tashar jirgi tarbar wasu. An gan shi a tashar kuwa, ko da yake ba wanda ya riƙe lokacin. An san ya sha roƙon Shozo ya bar shi ya riƙa kawo baƙi suna ɗanɗana giya a kogon, Shozo yana ce masa kogon kakansa ba gidan kallo ba ne. Amma da dariya ake yin maganar, har a ƙare da shan giya a kofin shayi. Kuma tun rasuwar babu mai kula da Kikue kamar Naito. Kullum sai ya kawo mata taliya mai faɗi da kabewa, yana cewa kada ta bar gangunan su lalace, ranar da ta samu ƙarfi su sauka tare ta nuna masa yadda ake yi.

Takan karɓi kwanon ta yi godiya. Abincin kowa ba ta iya ci.

Ranar addu'ar bakwai gidan ya cika, takalma sun taru a bakin ƙofa wani kan wani. Kikue ta fito da tiren shayi, sai ta ga Naito durƙushe yana gyara su. Kowa yakan juya takalmi ya fuskanci waje, ya haɗe su. Shi kuwa bayan ya juya, sai ya sa tafin hannunsa tsakanin biyun ya buɗa su, don baƙo ya zura ƙafa ba sai ya duba ba. Hannunsa ne ke yi, idonsa na kan mai yi masa magana.

Kikue ta tsaya cak da tiren. Ta taɓa ganin takalma a jere haka. Ranar da ta dawo daga rumfa, kafin ta buɗe kogon, tsoffin takalmanta na roba suna bakin ƙofar, sun fuskanci waje, da tazarar tafin hannu tsakaninsu. Ta ɗauke su tana gunaguni ta wurga bayan motar gona, abin da ta gani a ƙasa kuma ya share mata su daga kai.

Naito ya ɗago ya yi mata murmushi. "Kikue-san, kawo tiren in taimaka miki."

Ta miƙa masa. Ta bi ta ƙofar baya ba takalmi, ta leƙa motar. Suna nan inda ta wurga su, ƙarƙashin kwanduna.

Washegari Furuya ya kira Naito ofis, ya zuba masa shayi, ya ce abu ɗaya ne ya gagare shi kafin ya rufe maganar: me zai sa tsohon ma'aikaci kamar Shozo ya sauka ba kyandir?

Naito ya girgiza kai. "Ƙauna ce, Sufeto. Duk wanda ya ga takalman matarsa a bakin wannan ƙofa ai ba zai tsaya neman ashana ba."

"Waɗanne takalma?"

"Na robar nan. Ai kowa ya gani."

"Ni ban gani ba. 'Yan kwana-kwana ba su gani ba. Ta ɗauke su kafin kowa ya iso, kuma ban da ni ba ta gaya wa kowa ba. Mutum uku suka gan su a wurin, Naito-san. Ɗaya ya mutu, ɗaya ita ce."

Naito ya ajiye kofin shayinsa, ya fara faɗin abin da ya yi.

Furuya da kansa ya zo gida ya yi wa Kikue bayani. Naito ya toshe kafar tun kwana biyu kafin ranar, iskar ta taru. Da safen ya ɗauko takalmanta daga ƙofar baya ya jera a bakin kogon, ya ruga ya buga ƙofar banɗaki yana cewa ya ji faɗuwarta a kogo. Lissafinsa shi ne, tsohuwa ita kaɗai ba za ta iya riƙe gona ba, kogon zai dawo hannunsa a hankali.

Furuya ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya.

"Akwai abin da ya faɗa, ban sani ba ko in gaya miki. Wai da mijinki ya iso ƙofar, ya kalli takalman ya ce, 'Kikue ba ta taɓa jera takalmi a rayuwarta ba.'"

"Ya gane ke nan."

"Ya yi shakka dai. Sai ya ce, 'In kuma ita ce fa?' Ya sauka."

Ta raka Sufeto har bakin titi. Wata motar baƙi ta wuce, suna ɗaga mata hannu da kwandunan inabi a cinya. Da ta dawo ta tuɓe takalmanta yadda ta saba, ɗaya ya kife, ɗaya ya yi can gefe. Ta tsaya a kansu, tana sauraren a yi mata faɗa daga cikin ɗaki kamar yadda Shozo ya saba.