Kwana Goma Bayan Sallama

"Ba inda zai koma, Mansura. Can ya kwaso ta."

Inna ta tokare ƙofar ɗakin da hannu biyu. A bayanta ɗanta Bashar na kwance yana rawar sanyi. Mansura ta dubi mijinta, ta dubi surukarta.

Makonni biyu da suka wuce zazzaɓi ya kayar da shi a shagonsa na ɗinki a Bungudu. Da yake cutar Lassa na yawo, aka wuce da shi cibiyar killacewa a Gusau. Kwana huɗu ya yi yana jiran sakamako, su bakwai ɗaki guda, banɗaki guda. Dattijon da ke gadon kusa da shi sai amai yake, Bashar kuwa zuciyarsa ba ta iya kallo, shi ke miƙa masa roba. Sakamako ya fito, ashe maleriya ce. Aka sallamo shi, Inna har waina ta raba.

Kwana goma da dawowarsa zazzaɓin ya dawo, maƙogwaro ya riƙe. Yau da safe Mansura ta ga jini a dasashinsa.

Wayarta ta yi ƙara. Babanta ne daga Tsafe, karo na uku. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce ta haɗa kayanta yanzu ta taho gida, cikin wata biyar ba abin wasa ba ne, kowa ya san yadda cutar nan ke yi da masu juna biyu. Ta ce to, Baba.

"Ki bi maganar Baba..." in ji Bashar da ƙyar. "Don Allah, zuciyata. Kada ki ƙara taɓa ni."

Maganar nan ta fi jinin tsorata ta. Ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, wallahi ni ma tsoron wurin nan nake, ko sunansa ba na son ji. Amma maganin can yake. In ya kwana nan, ni da ke za mu zauna muna kallo."

Inna ta sauke hannunta, ta juya fuska bango tana kuka.

Mansura ta kira lambar da aka ba su ranar sallama. Kafin azahar mota ta iso da mutane cikin fararen kaya, ido kawai ake gani, suka tafi da Bashar. Wannan karon gwaji ya tabbatar da Lassa ce.

Ba ta je Tsafe ba, don ma'aikatan sun ce sai an sa mata ido kwana ashirin da ɗaya. Ta kira Baba ta roƙi gafara. Ya ce Allah ya tsare. Ita da Inna kowacce da ɗakinta, da kwanonta. Kullum safe ta auna zafin jikinta, ta dafa ciki ta jira motsi. Atishawa ɗaya sai ta hana ta cin abinci.

Ranar da kwanakin suka cika lafiya, ita ce ranar da aka kira a zo a ɗauki Bashar. Da ta isa cibiyar, ta hango shi zaune a benci, ya rame, ya ba ta baya. Ta kira sunansa sau biyu, bai waiwayo ba.

Wata nas mai suna Dibora ta riƙo hannunta. Ta ce cutar ta taɓa kunnensa na hagu, wataƙila jin ya dawo, wataƙila a'a.

Mansura ta goge idonta, ta zagaya ta damansa ta zauna.

"Abin ƙaunata," ta ce a hankali. "Tashi mu je gida."

Ya juyo a firgice. Ya kalle ta, ya kalli cikin, bakinsa na motsi.

"Kuna lafiya? Ku duka biyun?"

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin ya yarda ya kama hannunta.